Alhaji, hakin minti huɗu ba zubar da girma ba ne

Mu mutanen arewa mazauna Legas akwai wata ɗabi'a da muka ɗauka wadda wallahi tana cin mu a hankali, da zarar mutum ya ɗan samu rufin asiri ya haura shekara 40 toh shikenan ya yi sallama da duk wani abu da zai sa shi haki. Daga gida sai mota, daga mota sai bencin shago, daga benci sai masallaci wanda shi ma yana nan bayan shagon, a dawo a zauna yaro ya kawo shayi kauri da madara da suga, da rana shinkafa da nama, da yamma a shiga gosulo a yi awa biyu ko uku a zaune kafin a isa Agege ko Ikorodu. Ka leƙa wajen 'yan canji a Ikeja ko cikin Eko, ka leƙa rumfunan dillalai a Mile 12, zaka ga manyanmu masu shekara 50 da tumbi da kumburin ƙafa da ledar magani a aljihu, na hawan jini daban na suga daban. Kuma duba sahun farko a masallatanmu yanzu ka ga yadda kujerun roba suke ƙaruwa, mutanen da ba su kai 60 ba amma gwiwa da ƙugu sun hana su ruku'u da sujada. Wannan abin yana damuna sosai.

Ra'ayina shi ne, motsa jiki mai tsanani na ɗan gajeren lokaci da hutu a tsakani, wanda turawa ke kira HIIT, shi ne abu mafi arha da ilimi ya nuna yana taɓa tsufa tun daga cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma ya fi dacewa da irin rayuwarmu ta Legas inda kowa yake kukan ba lokaci. Abin da ya hana mu kunya ce kawai da tsoron kar a ce babban mutum yana gudu kamar yaro, kuma wannan kunyar al'umma ce ta ƙirƙire ta don haka al'umma ce za ta cire ta.

Yadda ake yi ba wani boyayyen abu ba ne. Wanda aka fi gwadawa a bincike shi ne na masanan ƙasar Norway: ka ɗumama jiki na kamar minti 10, sai ka ƙara wuta na minti 4, sassarfa ko keke ko tafiya da sauri a hawa, har ka kai inda in aka yi maka magana ba za ka iya amsa jimla guda ba sai da yankewar numfashi, sai ka sassauta na minti 3, ka sake, har sau 4. Akwai kuma mai minti ɗaya wuta minti ɗaya hutu sau 10. Shikenan fa.

Toh me yake faruwa a ciki? A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira maitokondiriya, su ne suke haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa su fitar da ƙarfin da tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa suke aiki da shi. Ka ɗauke su kamar janareta, mu 'yan Legas ai ba sai an yi mana bayanin janareta ba, in ya tsufa ba a yi masa sabis yana shan mai da yawa, wutar ba ƙarfi, ga hayaƙi. Haka suke yi in shekaru suka ja kuma mutum ba ya motsi, adadinsu ya ragu, waɗanda suka saura su yi rauni, shi ya sa dattijo zai hau bene hawa ɗaya ya tsaya yana dafa bango. Raunin maitokondiriya yana cikin manyan alamomin tsufa guda 9 da masana suka jera a shekarar 2013. Lokacin da ka matsa wa tsoka ta ƙone ƙarfinta da sauri, akwai wani sinadari a ciki mai suna AMPK da yake gane cewa ƙarfi ya yi ƙasa, sai ya tayar da wani furotin mai suna PGC-1 alfa, shi kuma ya ba da umarni a ƙera sababbin maitokondiriya, a lokaci guda kuma ƙwayar tana kwashe waɗanda suka lalace tana narkar da su. Hakin shi ne saƙon da yake tayar da wannan aikin, hutun da ke biyo baya kuma a cikinsa ake yin ginin.

A shekarar 2017 masana a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka, ƙarƙashin Dakta Sreekumaran Nair, suka fitar da wani bincike da ni a ganina ya kamata duk wanda ya haura 50 ya san da shi. Sun ɗauki matasa masu shekara 18 zuwa 30 da dattawa masu 65 zuwa 80, maza da mata, suka raba su, wasu suna wannan atisayen na wuta da hutu a kan keke, wasu ɗaga ƙarfe, wasu haɗin matsakaicin keke da ɗan ɗaga ƙarfe, tsawon sati 12. Kuma ba tambayarsu aka yi ya kuke ji ba, ɗan yanki aka cire daga tsokar cinyarsu kafin da bayan, aka kai ɗakin gwaji. A wajen matasan da suka yi na wuta da hutu ƙarfin aikin maitokondiriya ya ƙaru da kashi 49 cikin 100. A wajen dattawan kashi 69. Ka sake karantawa, dattawan ne suka fi samu. An kuma ga ƙwayoyin gado kusan 400 sun canza yanayin aikinsu a tsokar dattawan, na matasan 274, yawancinsu masu alaƙa da samar da ƙarfi da ƙera furotin, irin waɗanda tsufa yake rage wa kuzari. Jikinsu kuma ya fi jin insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini, wanda shi ne tushen maganar ciwon suga da ya addabi iyayenmu. Duk mai cewa ai ni na wuce wannan, na tsufa, toh ga tsokar ɗan shekara 70 ta ba shi amsa.

Amma a wannan binciken ɗaya an ga cewa wajen ƙara girman tsoka da ƙarfin damtse ɗaga ƙarfe ya fi, don haka kar wani ya ce na ce a watsar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a sati, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan kwana biyu na ƙarfafa tsoka.

Sai maganar telomiya. A ƙarshen kowane zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta akwai wani ɓangare, shi ne telomiya, da yake kare shi daga zaizayewa, duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu sai ya ɗan gajarce, in ya gajarce sosai ƙwayar ta daina rabuwa ta zauna tana fitar da sinadaran kumburi da suke damun maƙwabtanta. Akwai kuma sinadarin telomares mai ƙara masa tsawo. Gano yadda wannan yake aiki ne ya sa aka ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009. A Jamus, Christian Werner da Ulrich Laufs da abokan aikinsu sun bi mutum 124 da ba sa motsa jiki a da, tsawon wata 6, sau uku a sati minti 45. Waɗanda suka yi doguwar sassarfa da waɗanda suka yi wuta da hutu, aikin telomares a fararen ƙwayoyin jininsu ya ninka sau biyu zuwa uku kuma telomiyar ta ɗan ƙara tsawo, masu ɗaga ƙarfe kuma ba a ga haka a wajensu ba. Kaga anan doguwar sassarfa a hankali ita ma ta yi aiki daidai da mai tsananin, wanda yake nufin in kana da lokaci da wuri ba dole sai ka yi na haki sosai ba. Mu dai a Legas lokacin da wurin su ne babu.

Yanzu ga inda nake so mu yi hattara, saboda na san halinmu da son labari mai zaƙi, kuma masu tallar ƙwayoyi da garin magani a Facebook da TikTok da masu lasifika a tasha suna jiran irin wannan kalmar su ɗora kasuwarsu a kai. A 2023 wasu masana a jami'ar Loma Linda a Amurka sun gwada mutum 30 masu shekara 40 zuwa 65, rabi suka yi minti ɗaya wuta minti ɗaya hutu sau 10, sau uku a sati, na wata ɗaya. Da aka auna jininsu da wani ma'aunin shekarun jiki da yake duba yadda ƙwayoyin gado suke aiki, sai aka ga masu atisayen sun ragu da kusan shekara 3 da rabi. Labari mai daɗi, kuma ya yaɗu. Amma a cikin watan nan ɗaya waɗanda ba su yi komai ba ma'aunin ya nuna sun ƙaru da sama da shekara 3, alhali ba wanda yake tsufan shekara 3 a kwana 30 don kawai ya zauna. Wannan ya nuna maka ma'aunin yana rawa, kuma mutum 30 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. Irin waɗannan ma'aunai, tun daga wanda Steve Horvath ya fitar a 2013 mai duba wurare 353 a jikin DNA, wato zaren gado, kayan aikin bincike ne masu amfani in an haɗa jama'a da yawa, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya mayar da kai ɗan 30 kuɗinka yake so.

Haka kuma babban gwajin da aka yi a birnin Trondheim na Norway, mutum 1,567 masu shekara 70 zuwa 77, aka bi su shekara 5, sakamakon ya fito a 2020. Cikin masu wuta da hutu kashi 3 cikin 100 suka rasu, cikin masu matsakaicin motsi kashi 5.9, cikin waɗanda aka ce su bi shawarar hukuma kawai kashi 4.7. Alama tana wajen masu hakin, amma su kansu masanan sun ce bambancin bai kai a yanke hukunci da shi ba. Abin da ya fito fili shi ne ƙarfin zuciya da huhu da jin daɗin jiki sun fi a wajensu, kuma dattawa 'yan 70 da wani abu sun jure shi shekaru. Ni wannan ya ishe ni. Na san wani zai ce ai kwana ba ya ƙaruwa, ajali in ya zo ko kana gudun fanfalaki sai ka tafi. Gaskiya ne, rai na Allah ne, ba wanda ya yi musu. Maganar da nake yi ita ce yadda zaka cinye shekarun da aka rubuta maka, a tsaye kana sallarka kana ɗawafi da ƙafarka kana ɗaukar jikanka, ko a kwance 'ya'ya suna juya ka ana sayar da fili ana biyan kuɗin wankin ƙoda.

Akwai kuma tambayar da take da nauyi wadda duk ɗan Mile 12 zai yi: in dai haki da gumi suna hana tsufa, me ya sa 'yan dako suke saurin karyewa? Ka tsaya da sassafe lokacin da tirelolin albasa suka iso daga Sakkwato da Kebbi, ka ga yaro ɗan shekara 25 ya naɗa tsumma a ka, mutum biyu su ɗaga buhun da ya fi shi nauyi su ɗora masa, ya bi ta cikin taɓo da silifas ɗin roba jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, ya sauke ya dawo a guje saboda a kan buhu ake biya, haka har la'asar, da dare ya kwana a rumfa a kan kwali ga sauro ga ƙarar janareta. Wannan yaron in ya kai 45 zaka rantse ya yi 60. Masana sun lura da wannan, a Denmark Andreas Holtermann da abokansa sun bi mutum sama da 100,000 na kusan shekara 10, suka fitar a 2021 cewa motsa jiki na ganin dama yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwa, amma aikin ƙarfi na neman abinci yana tafiya da ƙaruwarsu. Dalilan da suke bayarwa suna shiga hankali: aikin yana ɗaukar awanni masu yawa, ɗaukar nauyi yana ɗaga hawan jini ya daɗe bai sauka ba, bugun zuciya yana sama duk yini ba tare da ya kai matakin da zai horar da ita ba, kuma ba isasshen hutun da jiki zai gyara kansa. Don haka ni ba zan je na ce wa ɗan dako ko mai turin kura ko mai facin taya ya je ya yi gudu ba, haba, abin da yake buƙata barci ne mai kyau da abinci da ranar hutu da awon jini, kuma shugabannin kasuwa da iyayen gidansu su ji tsoron Allah su rage girman abin da ake ɗora wa yaran mutane. Maganata da mai zama ce, mai gidan da yake kan benci yana lissafi, da direba, da mai gadi, da tela, da hajiya da ke cikin ɗaki ɗaya da falo ba ta fita sai biki.

Ga mai cewa ba lokaci, Martin Gibala na jami'ar McMaster a Kanada ya nuna a 2016 cewa mazan da suka yi daƙiƙa 20 na iyakar ƙarfinsu sau uku a cikin zama na minti 10, sau uku a sati, bayan sati 12 sun samu ƙarin ƙarfin zuciya da huhu daidai da waɗanda suke minti 45 a hankali. Sannan a 2022 Emmanuel Stamatakis na jami'ar Sydney ya duba mutum kusan 25,000 a Birtaniya da ba sa wani atisaye kwata-kwata, aka ɗaura musu na'ura a hannu, waɗanda a harkarsu ta yau da kullum suke samun ɗan haki na minti ɗaya zuwa biyu sau uku a rana, kamar hawa bene da sauri, an ga haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarun da aka bi su. Wannan kallo ne aka yi ba gwaji ba, mai yiwuwa masu lafiyar dama su ne suka fi iya saurin, amma ya dace da abin da aka gani a tsoka. Kuma Legas cike take da wuraren yin haka kyauta. Gadar masu ƙafa ta Ojota ko Oshodi ko Ikeja Along, wadda muke gudu muna tsallaka titi da ranmu a hannu, in ka hau matakalarta da sauri ba tsayawa zaka ji zuciyarka tana bugawa har a kunne kafin ka kai sama. Benen filaza da kake aiken yaro, hau da kanka. In ka sauka a BRT ka yi saurin da zai sa ka haki daga tasha zuwa kwanar gidanku.

Sai dai don Allah kar wani ya karanta wannan gobe da asuba ya fita da gudu bayan shekara 20 yana zaune. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini kuma da yawa ba su ma sani ba. Ka fara zuwa a auna jininka da suga, in kana da ciwon zuciya ko ka taɓa jin ƙirji yana matse ka ko jiri in ka yi sauri toh likita ne zai ce maka ga iyakarka. Ka yi sati uku ko huɗu kana tafiya kawai, sannan ka fara saka sauri na rabin minti a ciki, a hankali a hankali. Sau biyu ko uku a sati ya isa, kuma wannan ba lallashi ba ne, a Stockholm a 2021 an sa wasu masu lafiya 11 suka riƙa ƙara yawan atisayen har suka kai minti 152 na mai tsanani a sati guda, sai aikin maitokondiriyarsu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, sarrafa suga ma ya taɓu. Ga zafin Legas da gumin da ba ya bushewa, don haka bayan sallar asuba ya fi, da ruwa a hannu, kuma a nisanci bakin babban titi inda hayaƙin tirela da danfo yake, tunda mai haki ya fi kowa zuƙar iska. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa baki.

Batun girma kuwa, ban san inda muka samo cewa mutunci shi ne rashin motsi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri ya fi soyuwa wajen Allah a kan mumini mai rauni, duk da akwai alheri a kowannensu. Iyayenmu a gida da ƙafa suke zuwa gona da kasuwar ƙauye har tsufansu ba wanda ya raina su. Ka je filin wasa na Surulere ko gadar Lekki zuwa Ikoyi ranar Asabar da safe ka ga masu furfura na sauran ƙabilu, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, suna zufa ba wanda yake kallonsu, namu kuwa sai ka nema.

Shi ya sa nake ganin aikin na shugabanni ne. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwanni, muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suke karɓar kuɗin wata-wata, muna da limaman da in suka yi magana ranar Juma'a ana ji. Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin kowace ƙungiya ba, a ajiye ɗaya a ofishin kasuwa, a nemo ma'aikacin jinya cikin yaranmu ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata yana aunawa yana tura masu matsala asibiti. A nemi izinin filin makarantar firamare ta unguwa na awa ɗaya bayan asuba ranar Asabar da Lahadi. Kuma abin da zai karya kunyar gaba ɗaya shi ne a ga shugaban kasuwa da kansa da liman sun fito sun yi zagayen farko, in suka yi sati uku suna fitowa na tabbata ba mai sake cewa ko lafiya Alhaji yake gudu.

Mata kuma su ne aka fi bari a baya, su ne kuma ciwon gwiwa da ƙiba suka fi kamawa bayan haihuwa da yawan zama, kuma ba za su fita titi suna sassarfa ba, kowa ya san wannan. Islamiyyoyin matan aure suna da aji da tsakar gida mai katanga, a ware musu minti 20 kafin karatu ko bayansa, mace ta jagorance su, tafiya da sauri a wuri ɗaya da tashi da zama daga kan kujera da hawa da sauka a kan dakali sun isa su kawo hakin da ake nema. Mai gida kuma in ya ga uwargida ta fara kar ya yi mata dariya, ya saya mata takalmi mai kyau ya riƙe mata yaran na wannan ɗan lokacin.